Ku kalli wasan kafin ku yanke wa yaro hukunci

Safiyar Litinin ɗin da ta wuce na tarar da samari biyar a teburin mai shayin unguwarmu sun haɗa kawuna a kan waya guda, suna ta zazzaga zagi ga wani ɗan wasan ƙwallon kwando na wata jami'ar Amurka, wai shi ne ya jawo aka fitar da ƙungiyarsu daga gasar NCAA, wato gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, domin maki huɗu kacal ya ci. Na tambaye su ko akwai wanda ya kalli wasan a cikinsu, sai aka yi tsit. Ɗan ƙanwata ne ya yi ƙarfin halin cewa, "Kawu, ai cikin dare aka buga, amma mun ga sakamakon." Abin da suka gani jerin lambobi ne da guntun bidiyo na minti biyu, kuma a kan wannan suka kira ɗan mutane rago, maci amana, wanda bai cancanci rigar da ya sa ba.

Ni na hana idona barci na kalli wasan nan tun daga farko har ƙarshe. Yaron da kuke zagi shi aka ɗora wa tsare gwanin jifa na abokan hamayya, ya manne masa kamar kaska har gwanin ya fara jifa cikin fushi. Na ga ya faɗa ƙasa sau biyu yana neman ƙwallon da ta kuɓuce, ya tashi yana ɗingishi, ya koma wurinsa ba tare da ya dubi benci ba. Duk wannan wahala babu layin da aka rubuta ta a cikin lambobin da kuka karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi ya yi aikin, wanda ya jefa ƙwallo ashirin, takwas suka shiga, shi kuke tafa wa.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta auna ɗan wasa da makin dare ɗaya ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tarihin gasar kanta ya ƙaryata ta. A wasan ƙarshe na 2012, lokacin da Jami'ar Kentucky ta doke Kansas da ci 67 da 59, Anthony Davis ya yi jifa goma, ɗaya ce tak ta shiga, ya tashi da maki shida. Da a teburin shayinmu aka yi shari'ar, da an kore shi tun kafin a gama soya ƙwai. Amma a daren ya cafke ƙwallo 16 da suka dawo daga kwando, ya kaɓe jifa shida, ya miƙa biyar da aka ci, ya ƙwace uku, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar. Waɗanda suka zaɓe shi wasan suka kalla, shi ya sa suka san wanda ya hana Kansas kusantar kwando.

Ku kuma tuna irin gasar da ake magana a kai. Sili ɗaya ƙwale ce, minti arba'in ake bugawa, wanda ya faɗi ya tattara kayansa sai baɗi, kuma a cikin ƙungiyoyi sittin da 'yan kai guda ɗaya ce za ta gama ba a doke ta ba. Yaro ya yi wata huɗu yana buga wasa sama da talatin, ya yi karatu, ya yi jinyar rauni, sannan ku ɗauki dare guda da hannunsa ya ƙi ku ce shi ke nan kun san shi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, sau biyu a jere ya kai wasan ƙarshe da Jami'ar Houston, a 1983 da 1984, kuma duka biyun ya sha kashi. A 1983 ɗin, duk da North Carolina State ta doke su da ci 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, shi aka ba kyautar gwarzo. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, gaban Michael Jordan, ya kuma ci kofin NBA a 1994 da 1995. A ma'auninku mutumin nan ya faɗi tun yana ɗalibi. Haka Jami'ar Virginia ta sha kunyar da ba a taɓa gani ba a 2018, da ƙaramar jami'ar UMBC ta jihar Maryland ta lallasa ta da ci 74 da 54 a zagayen farko, sai ga yawancin yaran nan sun dawo a 2019 sun ɗauke kofin. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, amma ku ba ku da haƙurin jiran kiɗan ya juya.

Na kuma lura cewa wanda ya fi kowa ɗaga murya a teburin nan yana riƙe da takardar caca a aljihu, kuma ashe yaron ya ɓata masa lissafi ne. To, wannan ba ra'ayin wasa ba ne, zafin asara ne. Ka ɗauki kuɗin da mahaifiyarka ta ba ka na makaranta ka zuba a haram, sannan ka juya kana tsine wa ɗan shekara goma sha tara da bai san kana duniya ba, har ka bi shi shafinsa na Instagram kana zagin uwarsa. Ina tarbiyya a nan? Magana zarar bunu ce, kuma wanda ka zaga ɗa ne a wurin wasu.

Ko kuskure na gaskiya ne, wanda kowa ya gani, akwai yadda masu hankali suke karɓarsa. A wasan ƙarshe na 1982, bayan Jordan ya jefa ƙwallon da ta sa North Carolina gaba da ci 63 da 62, Fred Brown na Georgetown ya ruɗe ya miƙa ƙwallo kai tsaye a hannun abokin hamayya, James Worthy, kofi ya tafi. Mai horar da su, John Thompson, wanda ya fi kowa asara a filin, rungume yaron ya yi a gaban duniya. Bayan shekara biyu Georgetown ta ci kofin, Brown yana cikin ƙungiyar. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Idan mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo, ya zaɓi runguma, kai da kake kwance a kan katifa a wata nahiya da wace hujja ka zaɓi zagi?

Abin da nake roƙonku ba mai yawa ba ne, ku riƙa kallo da idon basira, ku ji tsoron Allah a kan harshenku, in ba ku gani ba ku yi shiru. Lokacin da muke wasa a filin siminti na makarantarmu, da kwando mai tsatsa wanda ko raga babu, malaminmu ba ya fara tambayar wanda ya ci maki nawa bayan an tashi. Zaunar da mu yake yi a gindin darbejiya, ya tambayi kowa wa aka ba shi ya tsare kuma sau nawa ya wuce shi, wa ya dawo baya da gudu, wa ya tsaya yana gardama da alƙalin wasa. Wanda ya ci maki ashirin ya bar mutuminsa yana yawo, shi ke zagaye fili sau goma. Manyan da ke zuwa kallo kuwa, in yaro ya ɓarar da ƙwallon da ta kayar da mu, sai ka ji ana ce masa sannu, Allah ya kai mu gobe, wani ma ya saya masa ruwan sanyi. Yawancin waɗannan dattawa sun rigaye mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su, filin kuma yanzu an yanka shi an gina shaguna. Da na bar teburin shayin ranar nan, ban yi taku goma ba na ji sun koma kan wayar, sun kama sunan wani yaron daban.