Kofin da ya yi kama da nasu

Tun da hoton nan nawa na Saint-Émilion, garin giyar inabi a Faransa, ya fita, ina riƙe da kofi irin na giya a mashaya, 'yan uwa suke ta kira, wasu da nasiha, wasu da habaici. Wani yayana daga Damagaram cewa ya yi, "To, Faransa ta cinye mana yaro." Bari in faɗi yadda aka yi, domin ni ma abin yana damuna, sai dai ba ta inda kuke zato ba.

Abokan karatuna ne a Bordeaux suka shirya fita ranar wata Asabar. Tafiyar ba ta kai minti 40 a jirgin ƙasa ba, daga tasha kuma sai ka taka da ƙafa ka hau tudu, gonakin inabi dama da hagu. Garin ɗan mitsitsi ne, mazaunansa ba su wuce dubu biyu ba, amma ya tsufa ƙwarai. Sunan wani mai ibada ne ɗan yankin Bretagne da ya zauna a kogo a wurin a ƙarni na 8. Akwai cocin da ba gina ta aka yi ba, fafe ta aka yi daga cikin dutse tun wajen ƙarni na 12, ka shiga ka ɗaga kai ka rasa yadda mutane suka yi wannan aiki da hannu. Lungunan duk shimfiɗar dutse ce mai santsi, ga gangare, mai takalmin gayu sai ya riƙe bango. A 1999 UNESCO ta sa garin da gonakinsa cikin wuraren tarihi na duniya. Har yau suna da wata majalisar dattawan giya mai jajayen riguna, wadda asalinta ke komawa ga takardar da Sarki John na Ingila ya ba garin a 1199, lokacin da yankin ke hannun Ingila. A nan giyar inabi ita ce noma, ita ce kasuwa, ita ce sarauta. Ba ka taku goma ba ka ga kwalba a taga ba.

Da rana ta take sai aka ce a shiga wata 'yar mashaya a huta. Ɗaki ne mai sanyi a cikin dutse, tebur bai fi shida ba, kwalabe jere har rufi. A bakin ƙofar nan ya kamata in yi magana, sai na yi shiru na bi sahu.

Mai wurin, wata dattijuwa mai fara'a, ta zo tana bayanin wannan ta inabin Merlot ce, waccan an haɗa da Cabernet Franc, wannan gonar a kan tudu take, waccan a ƙasa mai yashi. Da ta zo kaina na ce ba na sha, cikin ƙaramar murya kamar mai neman bashi. Wani abokina ya ce ai ba komai, in ɗanɗana in tofar, ga ma kwanon da masu ɗanɗano ke tofarwa a ciki. Na ce a'a. Matar ba ta ko ɗaga gira ba. Ta tafi ta dawo da ruwan inabi zalla, wanda bai tsimu ba, ta zuba mini a irin kofin gilashin nan mai doguwar ƙafa, ta ce don kada in ji na fita daban. Kirki ta yi nufi, na kuma gode mata. Wannan kofin ne kuka gani a hoto.

Saboda haka masu cewa na sha, ban sha ba, Allah ne shaida. Amma masu kare ni da cewa "ai tunda bai sha ba shi ke nan", ku ma ban bi ku ba. Tun muna makarantar allo muka ji hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Na san shi sarai lokacin da nake jan kujera. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji da kofina ya yi kama da nasu. Na ɗaga shi tare da su, na ji sanyi a raina cewa babu wanda zai gane. A lokacin ina ce wa kaina ladabi ne, kada a ɓata wa mutane fita. Da na koma ɗaki na natsu sai na ga tsoro ne kawai, tsoron a ce baƙon nan ya cika tsanani.

Kuma wa nake tsoro? Faransawan kansu sun rage sha. A shekarun 1960 giyar inabin da ke zuwa kan kowane mutum a shekara ta haura lita 100, yanzu ba ta kai rabin haka ba. Jar giyar Bordeaux ta yi kwantai har a 2023 hukuma ta fara biyan manoma kuɗi su tumɓuke dubban hekta na inabi. A teburinmu ma akwai wata da ta sha ruwa kawai saboda cikin da take ɗauke da shi, ba wanda ya tambaye ta dalili. Ni ne na ɗauka duniya za ta tsaya in na ce zan jira a waje.

Inda na saba da wasu malamanmu na waya shi ne cewa wai garin ma bai kamata Musulmi ya taka ba. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai cikin aji na mutum 30 ba yana da saurin yanke hukunci. In ka ƙi kowace fita, wata uku ba za a sake gayyatarka ko aikin rukuni ba. Kuma akwai abin gani da bai shafi kwalba ba. Yadda suka ɗaure sunan gari da amfanin gonarsa, har doka ta hana wani ya rubuta Saint-Émilion a kan abin da ba a nan aka noma ba, ya sa na tuna albasar Galmi da ake sayar da kowace irin albasa da sunanta a kasuwannin ƙetare.

Wata biyu bayan nan aka sake komawa, saboda baƙin da suka zo sashenmu. Tun a jirgi na gaya wa wanda ya shirya tafiyar cewa idan an zo mashaya zan zagaya gari, a kira ni in an gama. Ya ce to, ya ci gaba da duba wayarsa. Na sayi ƙunshin makaron ɗin garin, irin wanda ake cewa wasu mata masu ibada ne suka fara yi a 1620, garin almon da farin ƙwai da sukari kawai. Na hau hasumiyar ƙararrawa, matakala 196, ina haki. Ina sauka na tarar da biyu daga cikin baƙin a dandali suna nemana, wai su ma hayaniyar ta ishe su, ko da sauran makaron.