Ya kamata kwayar cocinmu ta daina jan waƙa don kwaikwayon Kambirij

Sujadar karatu 9 da waƙoƙin Kirsimeti ta faro ne a Truro ta Ingila a 1880, a hannun Bishop Benson. Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauke ta a 1918, BBC kuma ta fara watsa ta a 1928. Ana farawa da Farawa sura 3, a rufe da Yohanna sura 1. Tsarin ba shi da laifi. Inda nake da ja da malaman kwayar Angilikan na Kaduna da Jos shi ne yadda suke jan waƙa, wato rera ta da jinkiri, wai haka suka ji a rediyo.

Majami'ar King's dutse ce mai dogon rufi, murya na yawo a ciki daƙiƙoƙi bayan an rufe baki, shi ya sa jinkiri ke yi musu kyau. Cocin kwano da fanka ba ya riƙe sauti. Kuna ja, numfashi zai ƙare a tsakiyar layi, murya ta sauka, ga hunturu ya busar da maƙogwaro. Ku ɗan ƙara sauri, kowa ya sa alamar numfashi da fensir a takardarsa.

A King's, tun 1919 yaro ɗaya ke buɗe sujadar da baitin farko na waƙar Once in Royal David's City, ba kiɗa. Nan ake faɗuwa. In muryarsa ta sauka ko kaɗan, kwaya ta bi shi, kiɗan ogan na shigowa kunya ta bayyana. A ba shi sautin farko a hankali daf da farawa, kuma a horar da yara uku, ba ɗaya ba. A King's ma sai ana gab da farawa ake gaya wa yaron da aka zaɓa.

A kwayar King's yara 16 ne a muryar sama, wato soprano, manya 14 suka raba muryoyin ƙasa: alto, teno da bas. Mu kuwa sai ka ga soprano 30 da teno biyu suna ihu. A mayar da masu kaurin murya alto.

Muryar nan da ke hawa sama da jama'a, irin wadda David Willcocks, tsohon shugaban kwayar King's, ya shahara da ita, a baitin ƙarshe kaɗai ake yin ta. Kashi ɗaya cikin uku na soprano ya isa, sauran su riƙe asalin waƙar, in ba haka ba jama'a za su ɓata hanya su yi shiru.