Tsawo kaɗai ba ya shigar da yaro layin mutum ɗaya

Iyaye da yawa da ke ziyartar Disney World, wurin wasanni da shaƙatawa a jihar Fulorida ta Amurka, suna zaton cewa muddin yaro ya kai tsawon da aka ƙayyade, zai iya bin layin masu hawa su kaɗai don kauce wa dogon jira. Ba haka abin yake ba. A Expedition Everest, wani jirgin wasa mai gudu a kan dogo, alal misali, ana buƙatar tsawon inci 44, amma yaron da bai cika shekara 7 ba dole ya hau tare da wanda ya kai shekara 14. An buɗe layin ne don cike kujerun da suka rage, saboda haka ma'aikata suna raba iyali, yaro ya zauna kusa da baƙo; shi ya sa wanda bai cika shekara 7 ba ba zai bi layin ba.