Masu kallon status sun yi yawa, masu saye ina suka tsaya?

Ƴan uwana mata masu sana'a ta waya, na cikin Maraɗi da na kewaye, maganata da ku ce, kuma tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta. Maza masu saida takalma da wayoyi da shadda, ku ma ta shafe ku.

Kuka ɗaya nake ji a bakinmu duk inda aka haɗu, wajen suna ko wajen biki: kasuwa ta mutu, mutane sai kallo, ba mai saye. Maganin da muke nema ma iri ɗaya ne. A ƙaro lambobi, a shiga gurup goma, a biya wata mai mabiya da yawa a TikTok ta yi mana talla, ko a sa kuɗi Facebook ya tura hoton gaba. Ni a ganina yawancinmu muna da masu kallo isassu. Inda muke asarar ciniki shi ne tsakanin lokacin da mutum ya ga kayan da lokacin da zai fiddo kuɗinsa, kuma wannan wurin ne ba mu cika dubawa ba.

WhatsApp yana nuna miki ko mutum nawa suka buɗe status ɗinki kafin awa 24 ta cika ya goge. To a ce mutum 400 sun kalli atamfar da kika sa, 20 sun yi miki magana, 2 suka saya. In kika kashe kuɗin talla masu kallo suka koma 800, abin da za ki samu masu saye 4 ne. Amma in cikin mutum 20 ɗin nan da suka riga suka yi miki sallama kika riƙe 6, kin fi waccan samu, kuma ko dala ba ki kashe ba. Waɗannan mutum 18 da suka zo har bakin ƙofa suka juya, su ya kamata su hana mu barci. Manyan shagunan intanet na duniya ma da haka suke fama: abin da aka saba gani, cikin mutum 100 da suka leƙa shafi, 2 ko 3 ne ke saye. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana bin wannan harka, ta tattara cewa kusan 70 cikin 100 na waɗanda suka riga suka zuba kaya a kwandon sayayya na shafin suna fita ba su biya ba, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne ƙarin kuɗi da ke ɓullowa a ƙarshe, irin kuɗin kai kaya. Mu nan ba mu da kwando, hirar da ake yi a waya ita ce kwandonmu, a cikinta ake zubar mana da ciniki.

Abu na farko da ke korar mutane, kuma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ɓoye farashi. A sa hoto mai kyau, a rubuta ƙasa "kuɗi a pv", ko "mai so ta shigo ta ciki". Don Allah mu yi tunanin su wa ke kallon status ɗinmu. Maƙwabciyarki ce, ƴar ajinku ta lekwal, matar abokin maigida, ƙanwar kishiyar yayarki. Garin nan kowa ya san kowa. Mace ta ga leshi ya burge ta, amma ba ta san ko na jika goma ne (jika ɗaya faran dubu ce) ko na jika arba'in ba. In ta tambaya kika faɗa ya fi ƙarfinta, da wane baki za ta ce ta fasa, alhali gobe za ku haɗu a gidan biki? Kunya ce za ta hana ta tambaya tun farko. Sai ta wuce, ke kuma ba za ki taɓa sanin ta yi niyyar saye ba. Wata kuma zargi ne zai shige ta: tunda ba a rubuta ba, kenan kowa da kuɗin da ake yanka masa, za a duba hotona a ga ina sanye da zinare a ƙara mini. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, akwai masu yin hakan, su ne suka ɓata wa sauran suna.

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Mai sarin kaya a Kantin Kwari na Kano ko a Katsina za ta ce canjin naira ba ya zama wuri ɗaya, abin da ta saro wannan mako ba shi ne na mako mai zuwa ba. Gaskiya ne, duk wanda ke bin hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya ya san haka, balle abin da aka gani bayan rufe iyaka a 2023, lokacin da kaya suka yi tsalle. Amma status kwana ɗaya yake yi. Ki rubuta farashin yau, gobe ki rubuta na gobe. Wata za ta ce abokan sana'a za su ga farashinta su karya. Ai wadda ke son sanin kuɗin kayanki za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki da wata lamba, cikin minti biyar ta sani. Ba ki ɓoye wa kishiyar sana'a komai ba, mai saye kaɗai kika ɓoye wa.

Uzuri na uku shi ne wanda nake girmamawa: mu mutanen ciniki ne. A sa suna, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Haka muka tashi muka ga ana yi a babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a, kuma akwai daɗi a ciki. To rubuta farashi bai hana wannan ba. Ki rubuta, ki ƙara da cewa akwai ragi ga mai ɗaukar biyu ko uku. Mai son taya za ta taya, amma yanzu ta san daga inda za ta fara, ba ta jin tsoron ta taya ki abin da zai zama zagi.

Sai dai a rubuta shi yadda ba zai rikita kowa ba. Mu nan baki yana ƙirga da dala, wato faran biyar, hannu yana rubuta da faran. Wanda ya ce "ɗari biyar" da baki, 2500 yake nufi, amma wanda ya ga 500 a rubuce, ɗari ce a bakinsa. Ga kuma ƴan uwanmu na tsallaken iyaka da ke cikin lambobinmu, su in sun ga adadi naira ce ke zuwa musu a rai. Na sha ganin ciniki ya lalace har da ɓacin rai a kan wannan kawai. Ki rubuta 7500 F a jikin hoton kansa, don ko an tura shi wani wuri farashin ya bi shi, in kuma murya za ki aika ki ce jika bakwai da rabi.

Batun murya ma babba ne. Da yawa daga cikin masu kuɗin saye, musamman iyayenmu mata da mutanen ƙauye da suka saida wake ko aya ko riɗi da kaka, ba sa karanta faransanci, wasu ko bokon Hausa ba sa karantawa. Amma kowa yana jin murya. Wanda ya aiko miki da murya, ki mayar masa da murya, da Hausa, gajeriya: gaisuwa, kuɗin kaya, kala nawa suka rage, yadda za a kawo. Kuma a gaida mutum. In Hajiya mai shekarun mahaifiyarki ta yi miki sallama kika aika mata da adadi tsirara ba ko "ina wuni Mama", ta gama da ke, ko da kayanki sun fi na kowa araha.

Jinkirin amsa kuwa, shi ke kashe cinikin da ya riga ya nuna. Mai saye a waya yana tafe ne da megan da ya sa na yini ɗaya, ga reso mai zuwa yana ɗaukewa, ga kuran da ba shi da tabbas lokacin zafi. Lokacin da ta rubuto "nawa ne", a lokacin zuciyarta ke kan kayan. In sai bayan isha'i kika amsa, ko megan ya ƙare, ko ta saya wajen wata, ko maigida ya dawo an yi lissafin cefane sha'awar ta kwanta. Na san muna da girki da yara, ba wanda zai zauna riƙe da waya yini guda. Shi ya sa WhatsApp Business, wanda aka fito da shi tun 2018 kuma kyauta ne, yake da amfani: za ki iya jera kayanki da hoto da farashi wuri ɗaya, ki ajiye amsoshin da kike yawan maimaitawa, ki sa saƙon da zai gaya wa mutum lokacin da za ki dawo kansa. Wanda aka ce masa "zan amsa miki bayan la'asar" yana iya jira, amma wanda aka bari shiru zai ɗauka an raina shi.

Yanzu hoto. Yawancin hotunan da ke yawo a status ɗinmu ba mu muka ɗauka ba, daga wajen dilan Kano ko Dubai ko Sin aka turo su, hoto ɗaya sai ki gan shi wajen mutum bakwai a unguwar Zariya kaɗai. Mai saye ta gane wannan tuni. Ta san wata ta taɓa biyan shuɗi mai haske aka kawo mata wanda ya yi duhu, ta san an taɓa kawo wa wata jaka da ta ga kamar babba ashe tafin hannu ce. Duk wadda aka yi wa haka sau ɗaya, mu duka take tsoro. Ki fito da kayan tsakar gida da hantsi, ki ɗauka da wayarki ba tare da kin ƙara masa kala ba, ki sa hannunki a jiki a ga girmansa, ki juya bayan zanen a gani. Bidiyo ya zama gajere, don mai kallo da kuɗinta take buɗe shi. In akwai aibi ki nuna. Mun san abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama: wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hoton da aka gyara har ya daina kama da kayan, ni ban ga bambancinsa da wancan tarin hatsi ba.

Wuri mafi wuya shi ne wajen biya, musamman ga na nesa. Mutum yana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, ko Tawa, ko Agadas, bai taɓa ganinki ba, kina ce masa ya je Nita ko Amana ko Al Izza ya turo kuɗi, ko ya aiko ta Airtel Money. Ki sa kanki a matsayinsa. Sannan sai ki ba shi wani suna daban da wanda ke kan shafinki, ba bayani. Da yawa a nan suke tsayawa. In lambar maigida ko ta ƙanenki kike amfani da ita, ki faɗa tun kafin a tambaya. Ki faɗi wa zai biya kuɗin turawa, ki faɗi kuɗin mota, ki haɗa masa jimla ɗaya tun a amsar farko: kaya kaza, kai wa Damagaram kaza, duka kaza. Abin da ke ɓata rai shi ne a gama ciniki, mutum ya shirya kuɗinsa daidai, sai a ce af, akwai jika biyu na koli, wato kuɗin aika ƙunshi a mota. Ko da kuɗin gaskiya ne, zai ji kamar an yi masa dabara. In kin kai kayan tashar Rimbo ko STM ko wadda kuka yi da shi, ki ɗauki hoton ƙunshin da sunansa a jiki da hoton resi ki tura masa nan take, ki gaya masa motar ƙarfe nawa ce.

A cikin gari kuwa, ina goyon bayan a bar mutum ya ga kaya kafin ya biya. Ɗan kabu-kabu amintacce guda ɗaya, wanda kika san gidansu, ya kai Ali Ɗan Sofo ko Bagalam ko Sabon Gari, a duba, a ba shi kuɗin. Da irin wannan biya bayan an karɓa Jumia, shagon nan na intanet, ta shawo kan mutanen Legas bayan ta buɗe a 2012, lokacin da mutane ke tsoron biya ta intanet. Akwai asara a ciki, wata za ta sa a kawo ta ce ta fasa. Maganinsa a yi sharaɗi tun farko cewa kuɗin mashin na mai saye ne, ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Haka ma musanya: in takalmi bai shiga ba, a faɗa a fili cewa ana canzawa cikin kwana biyu muddin ba a taka shi ba. Waɗanda za su saya saboda sun ji wannan magana sun fi waɗanda za su dawo da kaya yawa.

Abin da ba na goyon baya shi ne a jawo ciniki da bashi. Wadda ta ce "kawo, ƙarshen wata zan ba ki" a lissafin masu saye ba ta shiga ba sai ranar da kuɗin suka zo hannu, kuma da yawa cikinmu jarinsu a nan ya narke, ga zumunci ya lalace a wajen bin bashi. In ƴar uwa ce ba ta da cikon kuɗi, ta ba da rabi, ki ajiye mata kayan da sunanta har ta cika. Haka nan zuba mutane cikin gurup ba da izininsu ba, su wayi gari da hotuna hamsin sun cinye musu mega. Wadda ta taɓa saye wajenki ta ji daɗi, ita ce ta fi cancanta da saƙonki, ita kaɗai, da sunanta, ranar da irin kayan da take so suka iso. Kuma a lura da lokaci: shaddar sallah ana neman ta ne tun kafin azumi ya raba, saboda teloli suna daina karɓar ɗinki da wuri, wadda ta sa nata a status a goman ƙarshe sai dai ta saida mayafi da takalmi.