Karim Aïnouz da makomar mai fim idan ya bar gida

A cikin Hausawan da muke zaune a Jamus akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo, cewa duk mai sana'ar fim da ya tattara kayansa ya taho Turai to sana'ar ta yi asararsa, domin ko dai ya jingine kyamara ya kama aikin da zai biya masa kuɗin haya, ko kuma ya koma yana shirya abin da Turawa suke son gani game da ƙasarsa. Ra'ayin yana da gaskiya a kan mutanenmu, amma ban yarda cewa zaman waje ne kaɗai ke jawo hakan ba. Hujjata ita ce rayuwar aikin Karim Aïnouz, daraktan fim haifaffen Birazil wanda ya daɗe da mayar da Berlin mazauninsa, kuma har yanzu mafi yawan finafinansa da harshen Fotugis ake yin su, a cikin garuruwan ƙasarsa.

An haife shi a 1966 a Fortaleza, babban birnin jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Birazil, yankin da ya yi suna da fari da talauci da yawan 'yan ci-rani masu gangarawa São Paulo da Rio de Janeiro neman abinci. Mahaifiyarsa 'yar Birazil ce, mahaifinsa kuma ɗan Aljeriya ne daga tsaunukan Kabiliya. Sun haɗu a Amurka suna karatu, uban ya koma ƙasarsa, yaron ya tashi a hannun uwa da kaka. Ya karanta ilimin zanen gine-gine a Brasília, daga nan ya wuce New York ya yi karatun nazarin fim, inda ya koyi aiki a cikin masu shirya finafinai masu zaman kansu irin su Todd Haynes. Babban fim ɗinsa na farko, Madame Satã, ya fito a 2002 da haɗin gwiwar Birazil da Faransa, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Cannes.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne halin da ƙasar take ciki lokacin da ya nemi komawa ya yi wannan fim. A 1990 Shugaba Fernando Collor ya rushe Embrafilme, kamfanin gwamnati da ke ɗaukar nauyin finafinai, har shirya fim ya kusa tsayawa cak a Birazil. A 1993 aka yi dokar da ta bai wa kamfanoni damar zuba wani kaso na harajinsu a cikin fim maimakon su kai shi baitulmali. A 2001 aka kafa Ancine, hukumar gwamnati mai kula da harkar finafinai, a 2006 aka ƙara da asusu na musamman wanda ake cika shi da harajin da masu cin riba daga harkar suke biya, daga baya har da kamfanonin sadarwa. Wata doka ta 2011 ta wajabta wa tashoshin talabijin na biya su nuna aƙalla awa uku da rabi na shirye-shiryen gida kowane mako a lokacin da aka fi kallo, rabinsu daga furodusoshi masu zaman kansu. Amfanin wannan ga mutum irin Aïnouz a fili yake. Yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe tana tafiya ne a kan kowa ya kawo nasa kason, kuma furodusan Jamus ko na Faransa ya fi saurin sa hannu idan ya ga takardar da ke nuna cewa wata hukuma a ƙasar darakta ta riga ta ɗauki wani ɓangare na kasafin. Zamansa a Berlin ya buɗe masa ƙofofin Turai, amma da hannu biyu yake shiga domin akwai abin da yake riƙe da shi daga gida.

Fim ɗinsa da na fi so in yi magana a kai shi ne A Vida Invisível na 2019, wanda ya lashe kyautar sashen Un Certain Regard a Cannes, kuma Birazil ta tura shi gasar Oscar. An ɗauko labarin daga littafin marubuciya Martha Batalha. Ya da ƙanwa ne a Rio a shekarun 1950, ɗaya ta gudu da saurayi, ta dawo da ciki babu miji, uban ya kore ta ya kuma yi mata ƙarya cewa 'yar'uwarta tana Turai tana karatun kiɗa. Haka suka yi ta zama a gari ɗaya shekara da shekaru, kowace tana zaton ɗayar tana nesa, wasiƙun da korarriyar ke rubutawa kuma ana ɓoye su. Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Hausa zai gane wannan labari tun kafin a kai rabi, domin uba mai kafiya, da 'yar da aka kora saboda abin kunya, da auren da ya binne burin mace, da asirin da ba ya tonuwa sai bayan mutuwa, duk kayan aikin marubutan Kano ne. Bambancin yana wajen lokaci da kulawar da aka ba labarin. An yi ta gyaran rubutun kafin a kunna kyamara, an ɗauko Hélène Louvart daga Faransa ta riƙe ɗaukar hoto, kuɗi ya fito daga Birazil da Jamus, an zauna an tsara launin bangon kowane ɗaki da irin tufafin zamanin. Akwai wani wuri da matan biyu suka shiga gidan abinci ɗaya a lokaci ɗaya ba su ga juna ba, kuma darakta bai sa kiɗan tausayi ya yi wa mai kallo bayani ba, ya bar shi da abin da idonsa ya gani.

A Kano, tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antar finafinan Hausa ta ginu ne a kan kuɗin aljihu da na 'yan kasuwa. Zamanin kaset da faifai dillalan Ƙofar Wambai ne ke yanke hukuncin wane jarumi ne zai sayar da fim, kuma waƙa nawa za a sa. Da satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya wannan kasuwa, sai aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, aka rungumi fim mai dogon zango. Furodusan da ke jiran kuɗin tallan wannan makon kafin ya fita lokeshan na mako mai zuwa ba shi da halin bai wa marubuci wata shida ya zauna da labari, kuma kowa a masana'antar ya san cewa marubuci yana cikin waɗanda aka fi raina wa lada. Hukumar da mai fim a Kano ya fi sani ita ce ta tace finafinai, wadda aka kafa a 2001, shekara ɗaya da Ancine, sai dai aikinta dubawa ne da ba da izini da ladabtarwa. Ko alƙaryar shirya finafinai da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kano a 2016 an janye ta bayan da malamai da jama'a suka nuna ƙin amincewa. To idan ɗan wannan masana'anta ya sauka a Berlin ya je gaban asusun World Cinema Fund, wanda bikin finafinan birnin ya kafa a 2004 domin ƙasashe irin namu, me zai ajiye a kan tebur? Yana da miliyoyin masu kallo, amma ba shi da rubutaccen labari cikakke da aka fassara, ba shi da kasafi a rubuce, ba shi da wata hukuma a bayansa.

Aïnouz bai tsaya ga labaran gida kaɗai ba, ya kuma kalli garin da ya karɓe shi. A 2018 ya fitar da fim na gaskiya a kan tsohon filin jirgin sama na Tempelhof, wanda aka gina katafaren gininsa a zamanin 'yan Nazi, aka rufe shi a 2008, sannan a ƙarshen 2015 aka mayar da rumfunan ajiye jiragensa masaukin 'yan gudun hijira, akasarinsu daga Siriya da Iraƙi da Afganistan. Duk mazaunin Berlin ya san wannan fili. Ranar Lahadi da bazara za ka tarar da iyalan Turkawa da Larabawa sun kafa murhun gashi a wurin da aka keɓe, hayaƙi yana tashi, yara suna tsere da kekuna a kan titin da jirage ke sauka a da, ga kuma shingen waya a gefe wanda mutanen da ke bayansa suke jiran takardar da za ta ce su zauna ko su koma. A cikin fim ɗin, Aïnouz ya bi wani matashi ɗan Siriya tsawon shekara guda a cikin ɗakunan da aka yanka da allo babu rufi, inda ake kashe fitilu ga kowa a lokaci ɗaya. Mu da muka san layin ofishin baƙi da asuba cikin sanyi mun san cewa bai ƙara gishiri ba, kuma abin takaici ne a ce har yau ban ga Bahaushen da ya ɗauki irin wannan rayuwa tamu a fim da wannan natsuwa ba.

Rashin kayan aiki ma ba uzuri ba ne a nan. A farkon 2019 ya hau jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya domin ganin ƙauyen mahaifinsa karon farko, tafiyar da ta zama fim ɗin Marinheiro das Montanhas na 2021. Yana can zanga-zangar adawa da tazarcen Shugaba Bouteflika ta ɓarke, sai ya bi wata matashiya cikin taron ranar 8 ga Maris da wayar hannu kawai, aka kuma nuna abin da ya ɗauka a bikin Berlin na 2020.

Ba duk abin da ke cikin tafarkinsa nake sha'awa ba. Da yawa daga finafinansa suna ɗauke da tsiraici da al'amuran da ba za su shiga gidajenmu ba, kuma ba ina kiran kowa ya kwaikwayi abin da ke cikinsu ba ne, yadda ake haɗa aikin nake magana a kai. Sannan Firebrand na 2023, wanda ya yi da Turanci a kan Katherine Parr, matar ƙarshe ta Sarki Henry na Takwas na Ingila, tare da Jude Law da Alicia Vikander, fim ne mai kyan gani amma a ganina kowane ƙwararren darakta zai iya yin sa. Babbar matsalar kuma ita ce ta masu kallo. Fim ɗin da aka yi wa tafi a Cannes yakan ƙare a ƙananan silima na manyan birane, alhali mai shirin Hausa na YouTube ana kallonsa a Zinder da Kumasi da Jidda a daren da ya sake shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani wannan tun da daɗewa. Oumarou Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Burkina Faso, a 1972, Rahmatou Keïta tana zaune a Faransa tana yin finafinai a kan Nijar, Aïcha Macky ta kai fim ɗinta a kan unguwar Kara-Kara ta Zinder bukukuwan finafinai na duniya a 2021, amma a kasuwannin Maraɗi finafinan Kano ne ke cikin wayoyin mutane.

Inda Aïnouz ya fi burge ni shi ne ya gane wannan giɓi ya kuma yi wani abu a kai. Shi da abokan aikinsa Marcelo Gomes da Sérgio Machado sun daɗe suna jagorantar ajin rubutun labarin fim a makarantar Porto Iracema das Artes da gwamnatin jihar Ceará ta buɗe a Fortaleza a 2013. Da gwamnatin Shugaba Jair Bolsonaro ta soke ma'aikatar al'adu a 2019 kuɗin fim ya tsaya, ya yi aikinsa a waje, da aka dawo da ma'aikatar a 2023 ya koma gabar tekun Ceará ya ɗauki Motel Destino da matasan 'yan wasa da ma'aikata na yankin, fim ɗin kuma ya shiga babbar gasar Cannes a 2024. Wanda ya riga shi a wannan hanya bai samu haka ba. Alberto Cavalcanti, haifaffen Rio a 1897, ya yi suna a Faransa da Ingila, ya koma gida ya jagoranci shirya finafinai a kamfanin Vera Cruz, bai daɗe ba suka ɓata, kamfanin ya durƙushe a 1954, shi kuma ya sake fita ya rasu a Paris a 1982. Ya koma da ƙwarewa, amma kamfani ɗaya na attajirai ya tarar, ba tsari ba.

A 2025 Najeriya da Birazil sun rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwar shirya finafinai, a daidai lokacin da Ali Nuhu, ɗan Kannywood, ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos. Furodusan Birazil zai zo teburin da kason da Ancine za ta iya ba shi. Na Kano kuwa sai an tanadar masa asusun da ke biyan marubuci tun kafin a fara ɗauka, da wanda zai fassara masa labari da kasafi zuwa Fotugis, in ba haka ba kamfanonin Legas masu lauyoyi da ofisoshi ne za su ci moriyar takardar su kaɗai.