Zanen fentin mai: a daina rataya bugun inji alhali masu zanen suna raye a kusa da mu

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in amayar da shi. Mutum zai gina gida na gani na faɗa, tayil daga waje, labule na miliyoyi, kujeru sai ka ji tsoron zama a kai, amma ka ɗaga kai ka kalli bango sai ka ga hoton wani kogi da dusar ƙanƙara wanda inji ya buga a kan leda, an saka shi a firam mai ruwan gwal, irinsa sak yana rataye a otal goma da asibiti biyar a garin. Wani ma an sayar masa ne da sunan zanen hannu, ya biya kuɗin zanen hannu, bai san bugu ba ne aka ɗan shafa masa wani abu mai ƙyalli a sama don ya yi tudu-tudu. Wannan abin yana mini ciwo wallahi, domin a daidai lokacin akwai yaro a Samaru ko Kaduna ko Jos da ya ƙare karatun zane, hannunsa ya faɗa, amma ya koma buga banar siyasa saboda babu mai sayen aikinsa.

Kafin in zo kan saye, ina so mu san mene ne ma wannan fentin mai ɗin, don wanda ya san wahalar da ke cikin abu ba ya yi masa tayin wulaƙanci.

Garin kala ne ake niƙa shi luƙui a kwaɓa da mai, galibi man irin wata shuka da ake kira filaks, wadda ake saƙa yadin lilin da zarenta. Ba kowane mai ne ke yi ba, ka kwaɓa da man gyaɗa sai dai ka yi ta jira. Shi wannan man ba ya bushewa irin yadda ruwa ke ƙafewa, iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata mai tauri, shi ya sa zane kan yi kwanaki kafin a iya taɓa shi, ya yi wata shida ko shekara kafin ya bushe har ciki. Wannan jinkirin shi ne sirrin duka. Kafin mai ya yaɗu, masu zanen Turai da ƙwaiduwar ƙwai suke kwaɓa kala, tana bushewa nan take, sai ka yi ta jera ƙananan layuka kamar mai ƙirga, ba damar ka dawo ka gyara. Da mai kuwa kana iya narkar da kala cikin kala har ba a ganin inda duhu ya ƙare haske ya fara, kuma kana iya shimfiɗa fenti siriri mai ratsa haske a kan wani, ka bari ya bushe, ka sake shimfiɗa wani. Kamar marinan Ƙofar Mata ne, a tsoma yadi a fito da shi ya sha iska a sake tsomawa, kowane zagaye shuɗin yana ƙara zurfi. Haske yana ratsa waɗannan shimfiɗu ya daki farin da ke ƙasa ya dawo idonka, shi ya sa zanen mai na gaske sai ka ga kamar daga cikinsa hasken ke fitowa, abin da inji ba zai taɓa ba ka ba.

An daɗe ana cewa wani mutumin Bruges a ƙasar Beljiyam ta yau, Jan van Eyck, shi ya ƙirƙiro fentin mai. Wani marubucin Italiya Giorgio Vasari ne ya yaɗa maganar a 1550 kuma ta bi duniya, amma ba haka ba ne. A 2008 masu bincike sun gwada zanen da ke jikin bangon kogunan Bamiyan a Afganistan suka gano an yi amfani da mai a ciki tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi van Eyck. A Turai ma wani malamin coci da ake kira Theophilus ya rubuta yadda ake haɗa kala da mai tun ƙarni na 12. Abin da van Eyck ya yi shi ne ya kai abin inda ba wanda ya taɓa kai shi.

Ku nemi zanensa na 1434 a intanet, wanda ake kira zanen Arnolfini, yana Landan yanzu, ku buɗe shi ku ja shi da yatsa ya yi girma. Wani attajiri ne da baƙar hula mai faɗi yana riƙe da hannun mace cikin koriyar riga, ga ɗan kare a gabansu ana iya ƙirga gashinsa, ga takalman katako an cire an ajiye gefe, ga lemu kusa da taga hasken rana ya sauka a kansa, ga fitilar tagulla a sama kyandir ɗaya tak ke ci a jikinta. Sai ku duba bangon baya, akwai wani ɗan madubi mai kumburi, a cikinsa ya zana ɗakin gaba ɗaya daga baya, har da mutum biyu a bakin ƙofa, kuma a saman madubin ya rubuta cewa Jan van Eyck ya kasance a nan, 1434. Duk wannan a kan allon katako da tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Shekara kusan ɗari shida ke nan kuma koren rigar nan har yau shar yake. Ni duk lokacin da na kalle shi abin da ke zuwa raina shi ne haƙurin mutumin.

Daga can abin ya gangara Italiya. A Benis, garin da ke zaune cikin ruwa, danshi yana lalata zanen bango, ga shi garin jiragen ruwa ne yadin filafilai ba ya wuya, sai suka koma zane a kan kanbas, wato yadi mai kauri irin na filafilan, wanda ake iya naɗewa a tura wata ƙasa. Har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Muhammadu Alfatih ya nemi Benis ta aiko masa da mai zane, aka tura Gentile Bellini Istanbul a 1479, ya zana shi a 1480. Kala kuma a lokacin dukiya ce. Shuɗi mafi daraja daga wani dutse ake niƙo shi da ake haƙowa a Badakshan, nan ma Afganistan, tsadarsa tana gogayya da ta zinariya, har a cikin yarjejeniya ake rubuta yawan shuɗin da mai zane zai saka. Sai a wajen 1828 aka iya haɗa shi a masana'anta a Faransa. Sannan a 1841 wani Ba'amurke John Goffe Rand ya fito da tiyub na ƙarfe irin na man goge baki, kafin nan a mafitsarar alade ake ƙunshe fenti a huda a matsa, in an huda kuma sai saura ya fara bushewa. Wannan ɗan tiyub ɗin ne ya ba masu zane damar ɗaukar kaya su fita bakin kogi da gona su zana abin da ido ke gani a take.

To mu fa? Nan ne nake so a saurara da kyau, don mutane da yawa suna ɗauka wannan harkar ta Turawa ce ko ta 'yan Legas. Gaskiya ne Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, shi ya fara buɗe hanya, ya koya wa kansa sannan ya tafi Landan karatu a 1920. Amma juyin da ya canza zanen Najeriya a Zariya aka yi shi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su yi ta kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, za su ɗauki fasahar su zuba mata abin gida. Daga baya Gani Odutokun ya koyar a can har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, Farfesa Jerry Buhari ma ɗan wannan gidan ne. Wato tukunyar a ƙofar gidanmu aka girka ta, amma yawancin abin da aka dafa Legas da Landan ake kai shi, saboda can ne masu saye suke. A watan Fabrairun 2018 an yi gwanjon wani zane mai suna Tutu na shahararren mai zanen Najeriya Ben Enwonwu a gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan kan fam miliyan 1.2, zanen da ya ɓace gomman shekaru sai aka tsince shi rataye a wani gida a arewacin Landan.

Na san abin da wasu za su ce, maganar hoton abu mai rai. Ina girmama wannan ƙwarai, kuma ba ni ne zan ba da fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma don Allah wa ya ce zane sai da fuskar mutum? Ga ganuwa da ƙofofin gari, ga Dala da hantsi, ga kuka tsaye ita kaɗai a fili, ga zanko da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano waɗanda siminti ke cinyewa kullum, ga dagin Arewa, ga zayyanar rubutun ajami, ga zanen da kala ce zalla ba siffar komai. Kakanninmu da suka ƙawata soraye da aska takwas a jikin riga ba baƙin ado ba ne.

Yanzu maganar saye. Abu na farko da zan ce, kada labarin Tutu ko na zanen nan da aka danganta wa Leonardo da Vinci wanda aka sayar dala miliyan 450 a 2017 ya ruɗe ka ka shiga da niyyar kasuwanci. Mafi yawan zane ba ya ƙara kuɗi, in ka tashi sayarwa ma samun mai saye aiki ne, ba fili ba ne ba kuma gwal ba. Duk wanda ya ce maka saya yanzu baɗi zai ninka, riƙe aljihunka. Ka sayi abin da in ka tashi da safe ka gan shi za ka ji daɗi, shekara goma kana ganinsa bai gundure ka ba. In ka tsaya gaban zane ka ji ƙafarka ta ƙi tafiya, to ka fara tambayar kuɗi.

Sannan ka koyi bambance zanen hannu da bugu, ba wuya ko kaɗan. Kunna tocin wayarka ka haska daga gefe, ka kwantar da hasken a jikin zanen. A zanen gaske za ka ga sawun burushi yana bin siffar abin da aka zana, inda gajimare ya lanƙwasa burushin ma ya lanƙwasa, wani wuri fenti ya yi kauri wani wuri har saƙar kanbas tana leƙowa. A bugu kuwa ko dai sumul yake, ko kuma tudun da aka shafa yana tafiya hanyarsa daban hoton yana tasa daban, in ka matso sosai ka ga ɗige-ɗigen inji. Juya bayansa ka duba, zanen hannu yakan bar ɗigon fenti a gefuna, sau da yawa mai shi ya rubuta suna da shekara a baya. Akwai kuma na tsakiya, wanda da hannu aka yi amma kwafi ne, akwai wata unguwa Dafen a Shenzhen ta ƙasar Sin da dubban mutane ke wannan sana'ar, zane ɗaya a yi ɗaruruwansa. Neman halak ɗinsu suke, ban zarge su ba, amma kada a sayar maka da shi a farashin aikin da babu irinsa. Ka kuma tambaya kai tsaye mai ne ko akirilik, shi akirilik fentin roba ne mai bushewa cikin mintuna, ba laifi ba ne, manyan masu zane suna aiki da shi, sai dai ka san abin da ka biya.

In da hali ka je wurin mai zanen da kansa, ko ka bibiyi baje kolin ɗaliban da ke kammala karatu a sashen zane na jami'o'i da kwalejoji, nan za ka samu aiki mai kyau da kuɗin da bai kai na kujera ɗaya a falonka ba. Ka karɓi rasit mai sunansa da sunan zanen da shekara da girmansa da sa hannu. Kuma don girman Allah a rage tayin nan na rabin rabi. Fenti mai kyau daga waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa, kanbas da katako da burushi duk kuɗi ne, kafin ma a zo maganar makonnin da ya yi yana tsaye gaban aikin. In kuɗinka bai kai babba ba ka sayi ƙarami, ko ku yi magana ka biya kashi-kashi, yawancinsu za su yarda da murna.

In ka kai shi gida kada ka rataye inda rana ke dukansa, ko bangon da ke jiƙa da damina. Hajiya ki nisanta kaskon turaren wuta da shi, hayaƙin yana kwanciya a jiki ya mayar da shi ruwan ƙasa a hankali, haka ma hayaƙin janareta da na kicin. Lokacin hunturu in ƙura ta hau, burushi mai laushi busasshe kawai za a sa a kaɗe, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da omo, a gaya wa yara da masu aikin gida tun ranar farko. In aka ce maka sabon zane ne bai daɗe da ƙarewa ba, kada ka naɗe shi a leda ko ka jingina wani abu a fuskarsa, ka karɓi lambar mai zanen, bayan wata shida zuwa shekara ka mayar masa ya shafa man kariya na ƙarshe.