Turaren da ya canza ƙamshi ba lallai jabu ba ne

Mutane da yawa kan fesa turare a shago, su ji daɗinsa, su biya. Bayan awa ɗaya ƙamshin ya koma wani iri, sai a ce mai shago ya yi ha'inci. Sau tari ba haka ba ne.

Ana haɗa turare ne daga sinadarai masu nauyi daban-daban, kuma ba tare suke tashi daga fata ba. Masu sauƙi, irin su lemo da na'ana'a, su ne ke fara bugun hanci, cikin kamar minti 15 sun gudu. Sai na tsakiya su fito: wardi, yasmin, kanumfari, kirfa. Na ƙarshe su ne masu nauyi, wato sandal, miski da oud, waɗanda ke kwana a riga. Shi ya sa humra ke daɗewa, don galibi da masu nauyin ake haɗa ta.

A ganina ƙamshin ƙarshen ne kuɗinka yake saye, tunda da shi za ka yini. Fesa a wuyan hannu, ka zaga kasuwa, sannan ka sake shinshinawa kafin ka biya. Zafin rana ma yana saurin korar na farkon.